Kolon da Dusseldorf ko Berlin: ta wace ƙofa ya kamata a shiga kiɗan lantarki na Jamus?

Duk wanda ya fara sha'awar kiɗan lantarki da kiɗan gwaji na ƙasar Jamus ba ya daɗewa sai ya tsinci kansa a mararraba, domin abin da ake yi wa jimla ana kira kiɗan Jamus a haƙiƙa gida biyu ne, kowanne da halinsa da tarbiyyarsa. Gida na farko yana bakin kogin Rhine, a biranen Kolon da Dusseldorf waɗanda tazarar da ke tsakaninsu kimanin kilomita 40 ce. Gida na biyu shi ne Berlin, can gabas, wanda sunansa ya fi tashi a yau har wasu suna zaton babu wani abu bayansa. Mutumin da abin da ya mallaka waya ce da iyafis da data ƙayyadadda, ga shi kuma lokacin hutunsa bai wuce awa ɗaya ko biyu da dare ba, ba zai iya rungumar gidajen biyu a tashi ɗaya ba, dole ya zaɓi inda zai fara sa ƙafa. Ra'ayina shi ne ya fara da bakin kogi, amma Berlin tana da hujjoji masu ƙarfi waɗanda bai kamata a tsallake su ba.

Tsofaffin masu sauraron Sashen Hausa na Muryar Jamus sun san sunan Kolon, domin daga can ake watso shirye-shirye kafin tashar ta koma Bonn a 2003. A Kolon ɗin ne gidan rediyon yankin, wanda daga baya aka sani da WDR, ya buɗe situdiyon kiɗan lantarki a 1951 ƙarƙashin jagorancin Herbert Eimert. Babu ganga babu jita a ɗakin, sai na'urorin da injiniyoyin rediyo suke gwajin sauti da su, da faifan tef wanda ake yankawa da reza a liƙa gutsure bayan gutsure har a sami 'yan daƙiƙoƙi na kiɗa. A nan Karlheinz Stockhausen ya kammala Gesang der Jünglinge a 1956, aiki na kimanin minti 13 wanda ya cakuɗa muryar wani yaro da sautin na'ura har kunne ya kasa tantance inda ɗan Adam ya tsaya da inda inji ya karɓa. Ba zan ba sabon shiga shawarar ya fara da wannan ba, domin babu bugu a cikinsa da jiki zai riƙe, amma ya kamata ya san cewa daga wannan ɗaki ne jijiyar ta fito.

Biyu daga cikin ɗaliban Stockhausen, Holger Czukay da Irmin Schmidt, su ne suka kafa ƙungiyar Can a Kolon a 1968, kuma a nan ne kunnen da ya saba da kiɗanmu zai fara jin ya iso wurin da ya sani. Makaɗin gangarsu, Jaki Liebezeit, yakan kama zubi ɗaya ya riƙe shi na tsawon minti goma sha wani abu ba tare da ya sake shi ba, sai dai ya ɗan karkata shi nan da can ta yadda sai mai lura zai gane. Wanda ya taɓa zama kusa da mai kalangu ko mai gurmi ya ga yadda maimaici yake zama gadon da komai yake kwanciya a kai, ba zai buƙaci a yi masa dogon bayani ba. Sukan yi ta kaɗawa na awoyi, daga baya Czukay ya zauna da tef ya yanke abin da ya fi rai, wato dabarar da ya koya daga malaminsa ce ya juya ta kan kiɗan matasa. Kundinsu Tago Mago na 1971 da Future Days na 1973, waɗanda Damo Suzuki ɗan ƙasar Japan ya yi waƙa a cikinsu, har yanzu ba su tsufa ba.

A Dusseldorf kuwa Ralf Hütter da Florian Schneider suka kafa Kraftwerk a 1970, suka gina situdiyonsu Kling Klang, suka yi ta rage kayan kiɗa na hannu har na'ura ta karɓe aikin gaba ɗaya. Autobahn na 1974, wanda waƙar da aka sa wa kundin sunanta ta haura minti 22, tafiya ce a kan babbar hanya da aka mayar da ita sauti. Bayansa suka fitar da Trans Europa Express a 1977, Die Mensch-Maschine a 1978, sai Computerwelt a 1981, wanda ya yi maganar kwamfuta da tattara bayanan jama'a tun kafin yawancin mutane su taɓa ganin kwamfuta da idonsu. Daga cikin wannan ƙungiya ce Klaus Dinger da Michael Rother suka fice suka kafa Neu! a 1971, da wani bugu miƙaƙƙe mai tafiya kamar mota a kan kwalta, wanda 'yan jarida suka laƙaba wa suna motorik. Abin da ya haɗa waɗannan matasa shi ne dukansu an haife su ne gab da Yaƙin Duniya na Biyu ko 'yan shekaru bayansa, ba sa son waƙoƙin nishaɗin da iyayensu suke ji, ba sa kuma son su zama masu kwaikwayon Amurka da Ingila, don haka suka ga babu mafita sai su ƙirƙiro nasu daga tushe. Jaridun Ingila ne suka raɗa wa wannan yunƙuri suna krautrock, kuma da yawa daga cikin makaɗan ba su taɓa son sunan ba, amma da shi ake nemansu a intanet har gobe.

Berlin ta bi wata hanya saboda yanayinta daban ne. Yammacin birnin tsibiri ne a tsakiyar Jamus ta Gabas, mazaunansa ba a tilasta musu aikin soja, kuma tun 1949 aka cire dokar rufe wuraren shaƙatawa da dare, abin da ya jawo matasa masu neman sararin yin abin da suke so. Edgar Froese ya kafa Tangerine Dream a 1967, kuma shi da Klaus Schulze suka shahara da dogayen kaɗe-kaɗe marasa waƙa waɗanda na'ura take jera sauti tana maimaitawa. A 1980 Einstürzende Neubauten suka bayyana suna dukan ƙarafan bola da injinan gini. Sai dai abin da ya mayar da Berlin abin da take a yau shi ne faɗuwar katangar da ta raba birnin biyu ranar 9 ga Nuwamba 1989, wadda ta bar gine-gine da masana'antu babu kowa a gabashin birni, matasan ɓangarorin biyu kuma suka mamaye su da sifiku. A Maris 1991 Dimitri Hegemann ya buɗe gidan rawa na Tresor a cikin ɗakin ajiyar kuɗi na ƙarƙashin ƙasa na wani tsohon kanti mai suna Wertheim, ya riƙa gayyato baƙaƙen fata makaɗan tekno, wato kiɗan rawa na na'ura mai bugu maimaitacce, daga Detroit ta Amurka, irin su Jeff Mills da Juan Atkins.

A nan ne hujjata ta farko take. Waɗannan makaɗa na Detroit sun sha faɗa da bakinsu cewa Kraftwerk na cikin abin da suka taso suna ji, haka kuma a New York Afrika Bambaataa ya ɗauki karin Trans Europa Express ya gina Planet Rock a kai a 1982. Ke nan kiɗan ya tashi daga Dusseldorf, ya haye teku, baƙaƙen Amurka suka zuba masa nasu jini da zafi, sannan ya dawo Jamus ta ƙofar Berlin. Wanda ya fara da teknon Berlin ya shigo zance ne a tsakiya, zai ji amsa bai ji tambayar ba. Wanda ya fara da bakin kogi kuwa, ranar da ya fara sa faifan da Tresor ya fitar zai gane muryar kaka a bakin jika.

Hujja ta biyu ta shafi wurin da aka ƙera kiɗan domin a ji shi, kuma ita ce ta fi muhimmanci ga mai sauraro daga nesa. Teknon Berlin an gina shi ne domin babban ɗaki mai kaurin bango da manyan sifiku, inda bugun da yake zuwa kamar sau 130 ko fiye a minti ɗaya yake dukan ƙirji kafin ya isa kunne. Na tuna lokacin da na fara sa wani faifan Basic Channel, wasu makaɗan tekno biyu na Berlin, a sifikar waya, ban ji komai ba sai wani shuu kamar ruwan sama a kan kwano da ɗan ƙyas-ƙyas jefi-jefi, har na ɗauka saukarwar ce ta lalace. Bayan makonni na kai shi situdiyon wani abokina aka sa a manyan sifiku, sai ga wani amo mai kauri yana tasowa daga ƙasa, gilashin taga yana rawa, kofin shayin da ke kan tebur yana motsi a hankali, ashe rabin kiɗan a can ƙasa yake, inda ƙaramar sifika ba ta iya kaiwa. Kraftwerk da Can da Neu! ba su da wannan matsala sosai, domin suna da kari da murya da jita a tsakiyar sauti, wanda ko iyafis mai araha zai fitar da mafi yawansa.

Da wannan ake haɗa batun zubi. Ayyukan bakin kogi na shekarun 1970 kundaye ne masu farko da ƙarshe, na kimanin minti 40, waɗanda mutum zai saukar sau ɗaya ya yi ta ji har shekara. Tekno kuwa yawanci yana fitowa ne a faifai mai ɗauke da kiɗa biyu zuwa huɗu, an kuma yi kowanne da dogon farko da dogon ƙarshe domin dije ya sami inda zai ɗinka shi da wani. Jin kiɗa ɗaya shi kaɗai kamar a miƙa wa mutum bulo ɗaya ne a ce ya yaba gini. Ainihin aikin yana cikin jerin da dije ya haɗa na awa ɗaya ko biyu ko fiye, wanda hakan yake nufin ƙarin lokaci da ƙarin data. Awa ɗaya ta sauti zalla a matsakaicin inganci tana cin kusan megabait 58, bidiyo kuwa ya ninka haka sau da yawa, don haka wanda ya zaɓi Berlin gara ya nemi sautin kawai ya bar kallo.

To, amma idan abin da mutum yake nufi da bibiya shi ne ya san abin da ya fito a wannan mako, a nan Berlin ta yi wa bakin kogi fintinkau, kuma adalci ne a faɗi haka ba tare da kwana-kwana ba. Manyan bakin kogi da yawa sun riga mu gidan gaskiya: Stockhausen a 2007, Liebezeit da Czukay a 2017, Schneider a 2020, Suzuki a 2024. Berlin kuwa kasuwa ce mai ci kullum. Shagon faifai na Hard Wax, wanda Mark Ernestus ya buɗe a 1989, yana jera sababbin faifai a shafinsa da ɗan gajeren bayani da guntun sauti na ɗanɗano, kuma bin wannan jeri kaɗai makaranta ce. Akwai HÖR, wanda tun 2019 yake watsa dije kai tsaye a YouTube daga wani ƙaramin ɗaki mai tayil, akwai gidajen rediyon intanet irin su Cashmere Radio da Refuge Worldwide. Bikin CTM yana gudana tun 1999 a ƙarshen Janairu, shi kuma Berlin Atonal, wanda Hegemann ya fara a 1982, an farfaɗo da shi a 2013 a cikin wata tsohuwar tashar wutar lantarki, kuma jerin sunayen waɗanda aka gayyata a bukukuwan nan biyu ya isa ya ba mutum aikin saurare na watanni. Kamfanin faifai na PAN, wanda Bill Kouligas ya kafa a 2008, yana cikin wuraren da kiɗan gwaji na wannan zamani yake fitowa. A Maris 2024 ma an sa teknon Berlin cikin jerin al'adun gado na ƙasar Jamus, ko da yake tsadar haya tana ta cinye wuraren da suka raine shi, kamar yadda gidan rawa na Watergate ya rufe a ƙarshen 2024.

Wannan yalwa ita ce kuma haɗarinta, domin sabon shiga yakan nutse a cikinta, ya ji abu ɗari bai riƙe ɗaya ba. Akwai kuma wani abin da ya kamata a faɗa a fili: rayuwar tekno a Berlin tana ɗaure da gidajen rawa na dare irin su Berghain, wanda aka buɗe a 2004 kuma aka hana ɗaukar hoto a cikinsa, da duk abin da irin wannan rayuwa ta ƙunsa na shaye-shaye da sauransu. Mai sauraro da yawa a cikinmu sautin ne ya dame shi, ba ya neman wannan rayuwa, kuma yana iya samun sautin ba tare da ita ba, amma zai lura cewa yawancin labarai da hirarrakin da ake yi a kan Berlin a kanta suke zagayawa. Labarin bakin kogi kuwa ya fi karkata ga situdiyo da makarantar fasaha da dabarun aiki, abin da ya fi amfani ga wanda yake son ya fahimci yadda ake ƙera sauti.

Kada kuma a ɗauka cewa bakin kogi ya zama gidan tarihi. Kompakt, wanda ya samo asali daga wani shagon faifai a Kolon a 1993 kuma ya ɗauki wannan suna a 1998 a hannun Wolfgang Voigt da Michael Mayer da Jürgen Paape, yana fitar da tekno mai laushi wanda bai ji kunyar kari mai daɗi ba, kuma tun 2001 yake fitar da tarin Pop Ambient shekara-shekara, wanda yake sauƙaƙa wa mai bibiya aiki ƙwarai, tunda kundi ɗaya ya isa ya nuna masa inda aka kwana. Aikin Voigt da yake fitarwa da sunan GAS shi ne abin da na fi komawa gare shi a duk wannan fage. Yakan ɗauki guntayen kiɗan gargajiyar Turai na manyan ƙungiyoyin goge, ya ja su ya shimfiɗa har su zama kamar hazo, sannan ya sa wani bugu can nesa kamar zuciya tana harbawa a bayan bango. Königsforst na 1998 sunan wani daji ne da ke gefen Kolon, kuma idan aka ji shi da dare bayan gari ya yi tsit, mutum yakan ji kamar yana tafiya cikin itatuwa ba ya ganin ƙarshensu. A Dusseldorf kuma Salon des Amateurs, wanda aka buɗe a 2004, ya fitar da dije irin su Lena Willikens masu haɗa tsohon kiɗan gwaji da sabo.

Harshe ba zai hana kowa shiga ko ɗaya daga cikin gidajen ba, tunda yawancin kiɗan babu waƙa, Kraftwerk kuma sun fitar da manyan kundayensu na ƙarshen shekarun 1970 da Jamusanci da kuma Turanci. Ta fuskar kuɗi tsofaffin kundayen bakin kogi suna nan a manhajojin saurare da aka saba da su, yayin da sababbin ayyukan ƙananan kamfanoni na Berlin suka fi samuwa a Bandcamp da SoundCloud, inda ake iya ɗanɗanawa kyauta amma saye yana buƙatar katin da yake biya da kuɗin waje. Akwai ƙofa ta uku da zan ambata a gurguje, wato kamfanin faifai na Raster-Noton na garin Chemnitz, wanda ya rabu biyu a 2017, inda Carsten Nicolai da abokansa suka riƙa gina kiɗa da ƙyas-ƙyas da tsagin sauti na kwamfuta, amma wannan sai kunne ya nuna tukuna.

Mutum ɗaya ne zan ce masa ya tafi Berlin kai tsaye, shi ne wanda yake haɗa kiɗa da kansa a kwamfuta kuma yana da sifikun situdiyo. Manhajar haɗa kiɗa ta Ableton Live a Berlin aka ƙirƙire ta, ta fito a 2001, kuma cikin waɗanda suka gina ta akwai Gerhard Behles da Robert Henke na ƙungiyar Monolake, wato makaɗa ne suka ƙera kayan aikin da suke buƙata. Kamfanin kayan haɗa kiɗa na Native Instruments ma a can aka kafa shi a 1996. Ga irin wannan mutum, sauraron Basic Channel, wanda Ernestus da Moritz von Oswald suka fara a 1993 suna aro dabarar amsa-kuwwa daga situdiyoyin Jamaika, darasi ne a kan yadda ake cika fili da abu kaɗan. Mutanen nan biyu ne kuma suka fi kowa a fagen juyowa ga Afirka ta Yamma da gaske: von Oswald ya yi aiki da makaɗin gangar Najeriya Tony Allen a kundin Sounding Lines na 2015, Ernestus kuma ya kafa Ndagga Rhythm Force da makaɗan gangar sabar na Senegal, suka fitar da Yermande a 2016.

Ga sauran masu sauraro, tsarin da nake bayarwa shi ne a ɗauki wata guda ana jin Die Mensch-Maschine da Computerwelt, domin su ne suka fi sauƙin shiga kunne, sannan a koma baya ga kundin farko na Neu! na 1972 da Future Days, a bar su su zauna sosai kafin a taɓa GAS. Gadar da za a haye zuwa Berlin ita ce E2-E4 na Manuel Göttsching, wanda ya ɗauka a zama ɗaya a situdiyonsa na Berlin a Disamba 1981 aka kuma fitar a 1984, kusan awa guda yana juyawa a kan amo biyu kacal, rabin farko na'ura, rabin ƙarshe jita tana yawo a samanta. Wanda ya iya zama da wannan faifai daga farko har ƙarshe bai duba agogo ba, ya shirya wa Basic Channel, kuma a ranar sai ya nemi aron sifika mai kauri ko ya tafi situdiyon wani aboki, ya sa a rufe ƙofa, a ɗaga sautin ƙasa yadda ya kamata.